Haƙoran Dogo

Burulca tana durƙushe a kan gwiwa ɗaya, bokiti a kan ɗayar, hannunta a ƙarƙashin jar goɗiya, sai ta ji kukan mota yana hawo kwarin. Ba ta ɗaga kai ba. Mota ɗaya ce a duk yankin take tari kamar tsohon mashayin taba in ta zo hawa, kuma mai ita bai taɓa zuwa da alheri a lokacin tatsa ba.

"Ga wan mijinki nan," in ji Zuura maƙwabciyarta, wadda ke riƙe da dukushi a gefen uwarsa don nono ya sauko. "Ya sa farar hularsa ta taro. Yau akwai takarda."

Akwai kuwa. Temirkul, shugaban kwamitin kiwo, wan marigayi mijinta, ya fito yana kaɗa wata takarda yana korar ƙudaje da ita.

"Sannu da aiki, amaryarmu."

Shekara talatin da ɗaya da aurenta, jikoki huɗu, har yau amarya.

"Sannu da zuwa, Yaya Babba. A zuba kimis?"

"Bar shi. Ba zama na zo yi ba."

Zuura ta dubi Burulca. Mutum ya hawo har bakin bukka ya ƙi ko ɗanɗana nonon goɗiya, ai ya riga ya faɗi rabin abin da ya kawo shi.

"Sakamakon na'ura ya fito," in ji shi. "Ƙasar Kok-Tulga ta gaji. Kun cinye ta. Daga baɗi an rufe ta shekara biyar, ba doki, ba tunkiya, ko akuya. Gobe da hantsi kwamiti zai zauna a ƙauye a sa hannu."

Nono ya ci gaba da zuba cikin bokiti, don hannun Burulca ya fi kunnenta sanin aikinsa. Sai da maganar ta isa ƙirjinta sannan ta miƙe.

"Wace ƙasar ce ta gaji? Wannan da ciyawa ke taɓa cikin doki?"

"Ido daban, ilimi daban. Na'ura ba ta ƙarya."

"To mu je ina da goɗiya talatin da bakwai, nawa da na Zuura?"

"Akwai fili a bayan Kara-Too."

"Bayan Kara-Too!" Zuura ta saki dukushin. "Inda dutse ke haihuwar dutse? Yaya, ko ƙadangare da guzurinsa yake zuwa can!"

Temirkul ya ɗaga kafaɗa, ya shiga motarsa. Kafin ya tayar ya leƙo ta taga. "Ba sai kin wahalar da kanki kin sauko ba, amarya. Ga tatsa. Zan wakilce ki."

Burulca ta tsaya tana kallon ƙurarsa, sannan ta juya ta harari abin da ya jawo mata wannan bala'i. Yana nan tsaye taku goma daga igiyar jele, inda ake ɗaure dukusai wuni guda don iyayensu kada su yi nisa. Sanda ce mai tsayin mutum biyu, da wasu yatsu uku a kanta masu kama da ƙafar zakara, da farantin sola a gindinta. Masu bincike daga birnin Bishkek ne suka dasa ta tun dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, tun makiyaya ba su hawo ba. An ce tana shinshina iska sau goma a kowace daƙiƙa, tana ƙidaya iskar kabon da ciyawa ke sha da wadda ƙasa ke fitarwa, tana aika labari birni ta waya.

Kowa yana ce mata sandar ƙarfe. Burulca kaɗai ke ce mata Dogo, don bakinta ba ya faɗin ƙarfe. A harshensu ƙarfe shi ne temir, kuma da shi sunan wan mijinta ya fara. Tun ranar da aka ɗaura mata farin ɗankwalin aure a gidansu, sunan nan da duk abin da ya ɗauko ƙamshinsa suka haramta a bakinta. Wuƙa, turke, murhu, duk "mai-tsatsa" take cewa. Ko a mafarki ba ta taɓa kuskure ba.

"Ke ba ki ji ba ke nan," in ji Zuura, ta rage murya duk da babu kowa sai dawakai. "Makon jiya mijin 'yar wan mijinki ya hawo da igiyar awo, yana auna gefen rafi. Bukkoki goma sha biyu na 'yan yawon buɗe ido, da ɗakin wanka. Na ɗauka hauka ne. Ashe an rufe wa doki ne, ba a rufe wa Bature mai kyamara ba."

Burulca ta ajiye bokitin a hankali, don kada fushi ya sa ta zubar da nono. A Kok-Tulga aka binne mabiyiyar ɗanta na fari. A nan mijinta ya kafa turken farko. Ta share hannunta a jikin rigarta.

"Gobe ke da 'ya'yanki za ku riƙe tatsa."

"Ina za ki?"

"Wurin da aka ce kada in wahalar da kaina."

Kashegari rana na leƙowa ta ɗaura wa baƙin dokinta sirdi. Awa uku ta yi tana gangara, tana zagin Dogo da yatsunsa uku har ƙauye. Ta sami ɗakin taro ya cika da maza, irin waɗanda 'ya'yansu ke kiwo a sama su kuma suna kiwon shayi a ƙasa. Da ta shigo da takalmanta masu warin doki, murmushin Temirkul ya ɗan karkace, amma ya gyara shi nan take.

"A ba amaryarmu kujera a baya."

Ta zauna a gaba.

Wata siririyar mace mai tabarau ta tsaya kusa da majigi. Kanishai ke nan, mai binciken da ke da Dogo da 'yan'uwansa takwas a wasu tsaunuka. Burulca ta auna ta daga sama zuwa ƙasa. Hannun nan bai taɓa riƙe nonon goɗiya ba, amma shi zai kore ta daga filin mijinta.

"Iyayena, abin ba wuya," in ji Kanishai. "Da rana ciyawa mai lafiya tana shan iskar kabon, sai layin nan ya sauka ƙasa. Da dare ƙasa tana numfashi, sai ya hau. In kun tara na wata uku, fili mai rai ya fi sha a kan fitarwa. Ga na Kok-Tulga."

Zane ya bayyana a bango. Layin ya so ya sauka da rana, amma wasu tsinaye suna ta soke shi suna yin sama, kamar haƙoran zarto.

"Kun gani da idonku," in ji Temirkul, ya miƙe. "Fitarwa ta fi sha. Ƙasa ta mutu a tsaye. Malama, mun gode. Sakatare, kawo takardar sa hannu."

"Ban gama ba, shugaba," in ji Kanishai, gira a haɗe. "Wane sa hannu? Na rubuta a shafin ƙarshe cewa haƙoran nan sun dame ni, kada a yanke hukunci sai na hau na gani."

"Shafin ƙarshe na malamai ne. Mu na farko ya ishe mu."

Aka yi 'yar dariya. Burulca ba ta ji ta ba. Idonta ya kafe a bango, leɓɓanta suna motsi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Sai fili. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Wani abu ya taso mata daga tafin hannu, don hannun ne ya fara ganewa.

"'Yata," ta ce da ƙarfi, "haƙoran nan shida-shida ne?"

"Amarya, ana maganar ilimi," in ji Temirkul.

"Ba da kai nake ba, Yaya Babba, ka yi haƙuri. 'Yata, shida ne kullum?"

"Shida ne, Inna. Wani lokaci biyar."

"Kada ki faɗa min lokacinsu, bari ni in faɗa miki. Na farko ƙarfe..." Ta cije kalmar kafin ta fita, ta canja hanya. "Na farko bakwai na safe. Na biyu tara. Sai sha ɗaya, sai ɗaya, sai uku. Na ƙarshe biyar, amma yakan makara, don lokacin nan bayana ya fara ciwo."

Kanishai ta sunkuya kan na'urarta, ta ja zanen ya buɗe. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Wa ya nuna miki rahoton?"

"Rahoto? Ni da ko takardar asibiti sai jikata ta karanta min?" Burulca ta miƙe tsaye, ta juya ta fuskanci mazan. "Ku da kuka sha nonon goɗiya tun kuna tsumma, ku gaya min, wace ƙasa ce ke numfashi duk bayan awa biyu? Ƙasa tana da agogo ne? Wane abu ne a duniyar nan ake yi sau shida a yini, bakwai, tara, sha ɗaya?"

Sai dattijo Jumaliy, wanda ya fi kowa shekaru kuma rabin jinsa ya tafi, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Tatsa!" ya ce. "Wallahi tatsa ce!"

"Goɗiya talatin da bakwai," in ji Burulca, "da 'ya'yansu, da ni da Zuura, duk muna huci a gindin Dogo. Ba ƙasata yake shinshina ba. Hancin dawakaina yake shinshina, in ma ba ɗaya gefen nasu ba!"

Dariya ta ɓarke har sakatare ya kifar da shayinsa. Temirkul ya daki tebur.

"Dace ne kawai! Mace ta ƙirga haƙora shida sai a rushe ilimi?"

"To a gwada ni. 'Yata, nemo sha huɗu ga Yuli."

Kanishai ta nemo. Layin wannan rana ya sauka ƙasa sumul, ya yi zurfi kamar kwarya, babu haƙori ko ɗaya.

"Ranar bikin da aka yanke wa jikata ƙarama igiyar ƙafa, alamar ta fara tafiya," in ji Burulca. "Na kwance dukusai tun asuba, dawakai suka watse kan tudu, muka sauko biki. Duk kuna wurin. Yaya Babba, kai aka ba kan rago, ko ka manta? Ranar da dawakai suka bar gindin Dogo, ƙasar da ta mutu ta tashi ta sha iska. Kashegari ta sake mutuwa da bakwai na safe."

Fuskar Kanishai ta yi ja har kunne. Ba kunya ba ce, fushi ne. Ta juya kan Temirkul.

"Shugaba, kwana uku ka yi a wurin horaswa. Na faɗa, na rubuta, na zana: dabbobi su yi kiwo yadda suka saba, amma kada a tara su a ƙasa da taku ɗari uku daga sandar. Sau biyu na kira ka a kan haƙoran nan. Ka ce babu komai kusa da ita. Har hotuna ka turo min!"

"Yamma ya fuskanta ya ɗauka," in ji wani daga baya. "Jele yana gabas."

Temirkul bai girgiza ba. Ya buɗe hannuwa, ya yi fuskar tausayi.

"Malama, kin san matanmu. Sun ga sanda mai ƙwari, sun ce ga turke ya samu. Rashin sani ne. In ta ɓata miki aiki ki yafe mata, iyalina ce. Amma wanda ya ɓata kayan gwamnati da hannunsa, ina ganin bai cancanci a bar masa filin ba."

Burulca ta ji kamar an watsa mata tafasasshen shayi. Ashe rami biyu ya haƙa. In ta tsallake na farko, na biyu yana jiranta.

Ta tuna ranar uku ga Yuni kamar jiya. Jelenta yana can bakin rafi, inda yake tun zamanin mijinta. Motar nan mai tari ta hawo, mai ita ya ce ɓarayi suna sace farantan sola, a dawo da jele gindin sandar don a sa mata ido. Da hannunsa ya nuna wurin turke. Ta ce to, don wan miji ba a ce masa me ya sa.

"Ba ni na zaɓi wurin ba," ta ce. "Sa ni aka yi."

Kanishai ta ɗauki biro. "Wa ya sa ki, Inna? Dole in rubuta suna, in ba haka ba a birni za su ce ke kika yi."

"Yaya Babba ne."

"Wane Yaya Babba?" in ji Temirkul, murmushin ya dawo cikakke. "Ɗakin nan cike yake da yayye, kowa kuma babba ne a gidansa. Sakatare, duba rajista, akwai mai suna Yaya Babba?"

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Kowa ya san wanda take nufi, kowa kuma ya ga abin da yake yi. Mazan suka sunkuyar da kai suna nazarin takalmansu. Wannan yana jiran rabon fili a hannunsa, wancan 'yarsa tana auren ɗansa. Ba mai ara mata baki.

Sai yanzu Burulca ta ga zurfin abin. Ba don ita ce mafi kusa da Dogo ya zaɓe ta ba. Ya zaɓe ta ne don ita ce mace ɗaya a kwarin da ba za ta iya faɗin sunansa ba. Shekara talatin da ɗaya tana lanƙwasa harshenta don girmansa, tana barin 'ya'yanta suna mata dariya in ta ce a miƙo mai-tsatsa, ashe shi linzami yake gani. Kunyar da ta ba shi kyauta ya ɗauko ya ɗaure mata ƙafa da ita.

Ta dafa tebur da hannu biyu. Ta ji kalmar a maƙogwaronta, mai nauyi, mai sanyi.

"Rubuta, 'yata," ta ce. "Temirkul."

Wata tsohuwa da ke leƙe ta taga ta yi salati.

"Temirkul ɗan Asanaali, wan mijina, shugaban kwamiti. Ranar uku ga Yuni, bayan tatsa ta biyu. Zuura shaida ce, 'ya'yanta shaida ne. Ko in maimaita? Temirkul!"

Ya yi baya kamar doki ya harbe shi. "Kun ji? Kun ji marar kunya? Ƙanena yana kabari yana jin matarsa..."

"Ƙanenka yana kabari yana jin wansa na sayar da turkensa ga masu kyamara," in ji ta. "A tambayi mijin 'yarka abin da ya je aunawa a bakin rafina."

Hayaniya ta tashi. Wasu suna cewa ta yi ɓatanci, wasu suna tambaya wane awo, wane rafi. Sakatare ya zura takardar sa hannu ƙarƙashin butar shayi a hankali, kamar ba shi ya kawo ta ba. Dattijo Jumaliy ya buga sandarsa sau uku kafin a saurara.

"Na shekara tamanin da huɗu ban taɓa jin matar ƙane ta kama sunan wan miji ba," ya ce. "Ban ji daɗinsa ba. Amma ban taɓa ganin wan miji ya ɓuya a bayan kunyar matar ƙanensa ba, kuma wannan ya fi wari. Ba a sa hannu yau. Maganar kujerar shugaba kuma, Juma'a mai zuwa."

Temirkul ya fita bai ɗauki farar hularsa ba. Aka ji motar tana tari har ta ɓace.

A waje Kanishai ta cim ma Burulca tana ɗaure majayin sirdi.

"Inna, na janye rahoton. Aikin wata uku ya tafi a banza, kuma laifina ne da ban hau da ƙafata ba. Amma kada in yaudare ki. Baɗi zan sake aunawa, in ƙasar ta gaji da gaske, zan faɗa."

"In ta gaji, goɗiyoyina za su gaya min kafin Dogonki ya ji. Ki hawo ki sha kimis, ki daina aiken hoto." Ta hau dokin. "Kuma ki koya wa abin nan bambanta ciyawa da hancin doki."

Ta bi ta tsakiyar ƙauye. Mata biyu daga dangin mijinta suka gan ta, suka juya baya suka shige gida. Ta san za a daɗe kafin a sake zaunar da ita a saman shimfiɗa a bikin gidan nan, wataƙila har ta mutu. Abin ya soke ta, ba ta musa ba. Amma ba ta rage gudu ba.

Ta isa Kok-Tulga ana shirin tatsa ta shida. Zuura ta taho da gudu, bokiti na kaɗawa.

"Yaya aka yi? Mu naɗe bukka?"

"Mu tuge jele. Bakin rafi zai koma, inda yake da." Burulca ta diro, ta kama igiyar ta fara kwancewa. "Miƙo min gudumar can."

"Wacce? Ta itace ko ta mai-tsatsa?"

Burulca ta ɗan tsaya. Ta dubi Dogo, yatsunsa uku suna shinshina iskar yamma.

"Ta ƙarfe," ta ce.

Zuura ta saki baki, bokitin ya kusa faɗuwa.

"Rufe bakin kada ƙuda ya shiga. Miƙo, goɗiyoyi ba sa jira."